Me Ya Haɗa Duba Ido da Zazzaɓin da Ya Hau Ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita, a daminar bana ɗana mai shekara uku ya yi zazzaɓi mai zafi, ya yi jijjiga, sannan ya shiga doguwar suma. A asibiti an ce maleriya ce ta hau masa ƙwaƙwalwa, amma sai na ga an ɗiga masa magani a ido ana haskawa da fitila, alhali idonsa lafiya lau yake. Alhamdulillahi ya warke, sai dai har yanzu ban gane dalilin duba idon ba. Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, barka da arziki, Allah Ya ƙara masa lafiya. Likitan da ya duba idon ɗanki ya san aikinsa, domin abin da yake nema shi ne tabbacin cewa maleriyar ce ta jawo sumar.

A yankunanmu, musamman da damina, yara da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar maleriya a jininsu suna ta wasa ba tare da wani ciwo ba. Saboda haka idan yaro ya suma aka gwada jininsa aka ga ƙwayar, mai yiwuwa ita ce sanadi, mai yiwuwa kuma tarar da ita kawai aka yi, ainihin matsalar kuwa sanƙarau ce, ko wata cutar ƙwaƙwalwa, ko shan guba. A birnin Bulantaya na ƙasar Malawi, binciken da Terrie Taylor da abokan aikinta suka wallafa a 2004 ya nuna cewa cikin yara 31 da aka ɗauka maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta yi ajalinsu, 7 wani ciwon daban ne ya kashe su.

A nan ne ido ya zama taga. Tantanin da ke bayan ido, wanda ake kira retina, tushensa ɗaya da ƙwaƙwalwa tun jariri yana ciki, kuma jijiyoyin jininsu sun yi kama. Ƙwayar falsifarum, wato nau'in ƙwayar maleriyar da ke hawa ƙwaƙwalwa, tana sa jajayen ƙwayoyin jini su manne a bangon ƙananan jijiyoyi su toshe su, kuma abin da ya auku a ƙwaƙwalwa yakan auku a retina, inda likita zai gan shi ƙuru-ƙuru ba tare da tiyata ba. Maganin da aka ɗiga aikinsa buɗe ƙwayar idon ne. Abin da ake nema kuwa shi ne fari-farin tabo a retina, da jijiyoyin da suka rikiɗe daga ja zuwa ruwan lemo ko fari, da ɗigon jini mai farin tsakiya. Biyun farko su ne suka fi nuni ga maleriya, kuma a Malawi ɗin ne Susan Lewallen da abokan aikinta suka bayyana alamomin tun a farkon shekarun 1990.

A ganina, ranar da ba a ga komai a idon ba ita ce gwajin ya fi amfani, domin ita ke tilasta wa likita ya faɗaɗa bincike, ya ɗebi ruwan ƙashin baya don neman sanƙarau, wadda arewacin Najeriya da Nijar suka sani sarai. Amma ba a jinkirta allurar atesunet, wato maganin maleriya mai tsanani, don jiran duba ido. Ana fara ta nan take, tare da gwada sukarin jini.

Cikas ɗin shi ne ƙarancin hannu. Na'urar haska ido ba ta kai ko kusa da kuɗin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba, amma amfani da ita sai an koya, kuma likitocin ido sun taru a manyan birane. Shi ya sa ake gwada ƙananan kyamarori da wayoyin hannu masu ɗaukar hoton retina.

Game da ɗanki, tabon retina yakan baje da kansa bayan warkewa. Abin da za ki sa wa ido a watanni masu zuwa shi ne farfaɗiya, ko raunin hannu ko ƙafa, ko canji a ji, gani, magana da ɗabi'a. Idan kin ga ɗaya daga ciki, ki mayar da shi asibiti.