Ga mai tambaya kan haɗa bes da jita a ƙungiyoyi biyu

Ɗan'uwa, ka ce shekara uku kana kaɗa jita, yanzu mai bes ɗin ƙungiyarku ya koma makaranta an ɗora maka bes (jita mai zurfin murya da ke riƙe ƙasan kiɗa), ga kuma wata ƙungiyar da kake yi wa jita a bukukuwan ƙarshen mako, alhali lokacin da kake samu bai wuce awa ɗaya a rana ba. Kana tambayar yadda za ka raba awar nan kada ka tashi biyu babu. Na ga wasu sun riga sun ce maka taura biyu ba ta taunuwa. Tana taunuwa, in dai ka cire wa ranka cewa bes jita ce da aka rage wa tsirkiya biyu.

Saitin ne ke ruɗin mutane. Tsirkiyoyin bes huɗu, E, A, D, G, su ne dai huɗun jita masu kauri, sai dai muryarsu ta fi zurfi, don haka hannunka na hagu ya riga ya san hanya. Amma aikin ya bambanta. Mai jita kunnensa na kan mawaƙi, mai bes kunnensa na kan ƙafar mai ganga. Da zarar mai jita ya ɗauki bes ake gane shi: yana cika waƙa da ƙawa, yana riga kiɗa sauka, kuma ba ya kashe sauti bayan ya buga. Waɗannan ukun za ka yi wa magani, shi ya sa bes zai ci minti 40 cikin awar, jita ta ɗauki 20, har tsawon wata uku. Jitar ba za ta gudu ba, hannu ya saba da ita.

Fara da hannun hagu. Tsawon tsirkiyar bes na yau da kullum inci 34 ne, na jita kuwa 25 da rabi ko ƙasa da haka. Gidan farko (gida shi ne tazarar da ƙarafan da aka gicciya a wuya suka yanka) a wuyan bes ya kusa santimita 5, na jita uku da rabi da ɗan ɗoriya. In ka dage sai kowane yatsa ya riƙe gida ɗaya kamar a jita, cikin mako biyu wuyan hannunka zai fara zugi. Daga gida na 1 zuwa na 5 yi amfani da manuniya, yatsan tsakiya da ƙarami, na kusa da ƙaramin yana tallafa masa. Danna dab da bayan ƙarfen, ba tsakiyar gida ba, da ɗan ƙarfin da zai hana ƙarar zizziya kawai.

Hannun dama shi ne ainihin bes. Ɗora babban yatsa kan fikof (abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu), ka riƙa ja da manuniya da na tsakiya bi da bi, kowane ya sauka ya huta a kan tsirkiyar da ke sama da wadda ya ja. In ka koma D ko G, sauko da babban yatsan ya kwanta kan E da A, in ba haka ba za su riƙa gurnani su kaɗai, kiɗan ya dagule ku rasa daga ina. Bororo zai fito a makon farko. Kada ka fasa shi, rage lokaci har kanta ta zauna.

Sai lokaci, wanda a nan ake cin jarrabawa ko a faɗi. Sauke metironom (manhajar da ke ƙirga bugu daidai-daidai) a waya, sa shi a bugu 60 a minti. Minti goma kana buga sauti ɗaya tak a kan kowane bugu, har ka ji bugun ya ɓace cikin naka. Daga nan raba kowane bugu gida uku, domin kiɗe-kiɗenmu da yawa, tun daga na kalangu har jitar Agadas, a kan uku-uku suke tafiya, ana gicciya biyu a kansu. Yi zagaye huɗu kana buga uku, huɗu kana buga biyu, ba tare da ka tsaya ba. Ranar farko za ka ji kamar ƙafarka da hannunka sun yi faɗa. Kada ka ƙara gudu sai ka yi sau biyar a jere babu kuskure, kuma da 4 ko 5 za ka ƙara, ba da 20 ba. Ka kula da inda sauti ke ƙarewa kamar yadda kake kula da inda yake farawa; ɗan shirun da ke tsakanin bugu da bugu shi ke sa mutane su tashi rawa.

Sauran mintunan bes na waƙoƙin ƙungiya ne, kuma da lamba za ka haddace su. Maimakon G, C, D, riƙe 1, 4, 5. A wurin biki mawaƙi kan sauke murya in ta dushe, mai fiyano ya danna maɓalli ya bi shi, kai kuma ba ka da maɓallin dannawa. In da lamba ka riƙe, matsar da hannu kawai za ka yi gida biyu baya. A kowace waƙa fara da tushen kod (kod shi ne sautukan da ake bugawa tare, tushensa kuwa sautin da ake kiransa da sunansa) shi kaɗai tare da gangar ƙafa, sannan ka ƙara na biyar ɗinsa, wanda ke gida biyu gaba a tsirkiya ta gaba. Ado sai a ƙarshen baiti, shi ma sau ɗaya.

Mintuna 20 na jita kada su tafi a kan abin da ka iya. Zaɓi canjin kod biyu da ke ba ka wuya a waƙoƙin Asabar, ka maimaita da metironom ɗin nan. Bes za ka fara, jita ta biyo baya, ka ɗan sassauta hannu minti biyu a tsakani, domin hannun da ya fito daga tsirkiyar bes mai kaurin inci .105 zai matse ta jita mai inci .010 har sautin ya haura.

Gida wurin koyo ne, rihaza, wato atisayen ƙungiya, wurin haɗawa. Kada ka je ka tsayar da mutum biyar kana laluben waƙa. A can ka tsaya inda kake ganin ƙafar mai ganga, kuma ka roƙi mai fiyano cikin ladabi ya ɗauke hannun hagunsa daga ƙasa, ya kashe bes ɗin da fiyanon ke bugawa da kansa. Bes biyu a waƙa ɗaya laka ce. Naɗi rihazar a waya, amma da iyafis za ka saurara, sifikar waya ba ta fitar da sautin ƙasa.

Kaya kuma. Kada ka jona bes a amfilifayar jita ka ƙure murya. E ɗin bes na kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, na jita 82, takardar sifikar ba za ta jure ba. Kada kuma ka saba atisaye babu amfilifaya saboda rashin wuta, don za ka koyi fizgar tsirkiya da ƙarfi. Nemi 'yar ƙaramar amfilifayar kunne mai batir. A fili ƙarƙashin rumfa, in ba a jin ka, ƙara sautin tsakiya, ba na ƙasa ba. In bes ɗinka mai batirin bolt 9 ne, zare wayar duk sanda ka ajiye shi, in ba haka ba batirin na ci. Sannan in kana riƙe da tsirkiya ka ji makirfo ya ɗan tsikari leɓenka, tsaya nan take a duba wayar ƙasa ta janareta, wannan ba abin jurewa ba ne.

Hunturu na busar da katako: bakin ƙarafa ya leƙo yana yankar hannu, wuya ya canza lanƙwasa. Auna a gida na 12, tsakanin tsirkiya da ƙarfe a samu kamar milimita 2 zuwa 2 da rabi a bes, ƙasa da 2 a jita. In za ka juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya mai daidaita lanƙwasarsa, kwata ɗaya kawai, ka bari ya kwana ka sake aunawa. In ta cije kada ka tilasta mata, kai wa mai gyara. Da damina kuma goge tsirkiya da busasshen tsumma bayan kowane wasa, har ƙarƙashinta.

Bayan mako biyu turo mana naɗin waƙa ɗaya, kai da mai ganga kawai ba fiyano, mu ji inda kake sauka.