Faifan C ya cika, ina zan riƙa girka manhajoji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata tana da faifai biyu, C mai gigabait 128 da D mai terabait 1. Layin da ke ƙarƙashin C ya koma ja, shi kuwa D kusan fanko ne. Duk manhajar da na girka C take wucewa. Wani abokin aikina ya ce in shiga rajistar Windows in sauya harafi guda, shi ke nan. In yi?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Don Allah kada ki taɓa rajistar nan, wato ma'ajiyar da Windows ke adana saitunanta a ciki, zan gaya miki dalili. Mu fara da ƙofar da Windows da kanta ta bari a buɗe.

Idan Windows 11 gare ki, ki shiga Settings, sai System, sai Storage, ki buɗe Advanced storage settings, ki danna Where new content is saved. Layin farko shi ne na sababbin manhajoji. Ki zaɓi D, ki danna Apply. A Windows 10 ma a shafin Storage abin yake, sunansa Change where new content is saved. Sharaɗi dai faifan ya kasance a tsarin NTFS, wato tsarin ajiyar fayiloli da Windows ta saba amfani da shi.

Sai dai fa wannan zaɓi manhajojin Microsoft Store kaɗai ya shafa, kuma a nan ne mutane da yawa ke zaton kwamfutarsu ta lalace. Manhajar da kika sauko da ita daga intanet, mai fayil ɗin .exe, ba ruwanta da abin da kika zaɓa a can. Yawancinsu suna tambaya, mu ne ba ma tsayawa mu karanta, sai danna Next har a kai ƙarshe. Nan gaba ki sassauta hannu. Za ki ga wani shafi mai ɗan dogon akwati da aka rubuta C:\Program Files a ciki, ga maɓallin Browse ko Change a gefensa. In bai fito ba, ki duba inda aka ce Custom ko Advanced. Ni nakan buɗe folda guda a D tun kafin in fara, in sa mata suna Manhajoji, kowace manhaja da 'yar foldarta a ciki, don kada fayiloli su barbazu. Akwai masu taurin kai irin su Chrome da Microsoft 365 waɗanda ba sa ba da zaɓi ko kaɗan. Ki ƙyale su a C.

Waɗanda kika riga kika girka kuwa, na Store da dama suna da maɓallin Move a jerin manhajoji cikin Settings. Sauran sai an cire an sake girkawa. Kada ki yanko folda daga Program Files ki liƙa a D. Windows ta rubuta inda kowace manhaja take zaune, in ta je ba ta same ta ba, manhajar ba za ta buɗe ba, cire ta ma ya zama aiki.

Maganar abokin aikinki, ProgramFilesDir yake nufi, wato saitin cikin rajista da ke nuna inda ake girka manhajoji. Kamfanin Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai goyi bayan sauya shi ba, domin sabuntawar Windows da wasu manhajojinta na iya daina aiki daidai. Abin da ya fi damuna shi ne matsalar ba lallai ta fito ran nan ba. Sai an kwana biyu wata sabuntawa ta ƙi shiga, mutum ya rasa mafarin abin.

Yanzu ga shawarata ta gaskiya. Kwamfuta mai irin wannan haɗi, galibi ƙaramin faifan SSD ne mai sauri, babban kuma mai juyawa ne, ba shi da sauri. Duk manhajar da kika kai D za ta riƙa ɗaukar lokaci kafin ta buɗe, kuma duk da haka za ta ajiye wasu bayananta a foldar AppData da ke C. Saboda haka waɗanda kike buɗewa kullum su zauna a C, manyan wasanni da abin da ba ki cika taɓawa ba su tafi D. Shafin Storage zai nuna miki abin da ya cinye wurin, kuma sau tari bidiyo ne da tarkacen Downloads.

Mayar da su D ba wuya. Ki danna foldar Downloads da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ki shiga Properties, sai Location, sai Move. Haka za ki yi wa Videos, Pictures da Documents. Amma ki fara buɗe wa kowacce sabuwar folda a D ki nuna mata ita. In kika zaɓi D ɗin kansa tsura, faifan gaba ɗaya zai rikiɗe ya zama Downloads, kuma warware wannan yana da wahala.