Hajiya, kar ki ba shi madara, a kai shi asibiti

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce ya sha ƙwayar mayen nan da ake kira red ya faɗi yana kumfa, kina tambaya ko a ɗura masa madara da manja a gida tunda ance asibiti babu gado. Don Allah kar ki ɗura masa komai, wanda baya cikin hayyacinsa abin huhu yake wucewa. Ki kwantar dashi ta gefe, kar a sa masa cokali a baki, a kira lambar gaggawa 112 ko a tare pragya, wato keke mai ƙafa uku, yanzun nan.

Ni nas ce, na daɗe ina aikin dare a sashen gaggawa nan Kumasi, kuma maganar gado gaskiya ce bazan ɓoye miki ba, amma ba layi ake bi ba, launi ake ba mutum gwargwadon haɗarinsa, ja ne farko, wanda numfashinsa ke ɗaukewa kuwa ja ne. Tramadol, maganin kashe ciwo da ake sha don maye, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana (FDA) ta yarda dashi miligiram 50 ne da 100, na titi kuwa 225 zaka gani har 250, shi yake kawo farfaɗiyar. Red ɗin ma ya fi muni, yawanci tapentadol ne, wani maganin ciwo da ya fi tramadol ƙarfi, aka haɗa da carisoprodol mai sassauta jijiyoyi, irin wanda BBC ta bankaɗo a 2025 ana kawowa daga Indiya. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi, sai dai ƙarfinta na saurin ƙarewa, kuma bata taɓa carisoprodol, shiyasa yaro ɗaya sai ya riƙe gado da oksijin da nas guda har asuba, in ya farka yana fizge-fizge sai mutum uku sun danne shi, alhali ga tsohuwa mai hawan jini a kan kujera ana mata ƙarin ruwa. Ga kuma 'yan okada da suka sha don kar su gaji, a kawo su da karaya su da fasinjan.

Abinda yafi ƙona min rai wallahi shine ɓoyewa. Abokai su ajiye yaro a ƙofa su gudu, uwa tace aljanu ne ko maleriya, sai mu ɓata lokaci da kuɗinku kan gwajin jini da hoton kai muna neman abinda kalma ɗaya zata warware. Mu ba 'yan sanda bane Hajiya. Ki faɗi abinda ya sha, guda nawa, ƙarfe nawa, ko ya haɗa da giya, in kin ga fankon maganin a aljihunsa ki taho dashi da katin inshorar lafiyarsa na NHIS.

In an sallame shi kar ki yarda ku wuce gida haka nan, ki ce a haɗa ku da sashen masu kula da ƙwaƙwalwa, saboda daina shan ƙwayar lokaci ɗaya na kawo ciwon jiki da rashin barci da gudawa, a nan yawancinsu suke komawa shanta.