Lambar Yabo Mai Kan Sarauniya A Adakar Kaka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu a zango sai muka tsinci wata tsohuwar lambar yabo ta soja cikin adaka, gefe ɗaya kan Sarauniya ne, ɗayan kuma mutane suna faɗa a daji, sama da ita akwai ɗan ƙarfe an rubuta Coomassie. Ta yi baƙi ƙirin, in goge ta da toka ne kafin in kai kasuwa?
Mai karatu daga Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah ɗan'uwa ajiye tokar nan! Azurfa ce, baƙin ba komai ba ne, amma gugar za ta cinye rubutun da ke zagaye da bakinta, kuma wallahi rubutun nan shi ne kuɗin.

Yadda ka siffanta ta, wannan lambar yaƙin Asante ce na 1873 zuwa 1874, lokacin da Janar Wolseley na sojan Ingila ya ci Kumasi zamanin Sarki Kofi Karikari, Coomassie ɗin ma Kumasinku ne yadda Turawan da suke rubuta shi. Ka ga kenan ba ta kakanku ba ce shi kansa, sai dai ta kakansa ko wani na sama, tunda Hausawa sun yi wannan yaƙin, har Kyaftin Glover da ya kafa rundunar Hausawa a Legas ya jagoranci wasu ta wajen kogin Bolta.

Karkato ta wajen haske ka karanta bakin a hankali, galibi za ka ga suna da muƙami da runduna. Masu tara irin waɗannan a Ingila mutumin suke saye ba ƙarfen ba, da sunan suke zuwa gidan adana takardun gwamnati da ke Kew a Landan su duba rajistar waɗanda aka ba lambar, su bi sawunsa daga shiga soja har sallama, shi ya sa lambobi biyu iri ɗaya sak sai ka ga kuɗinsu ya sha bamban. Akwai na jabu kuma, akwai wadda aka kankare sunan asali aka sake wani.



Ni dai da ni ne ba zan yi saurin sayarwa ba. Naɗe ta a ƙyalle busasshe, ka turo mana abin da ka karanta a bakin.