Amsa: Manhajar Windows a kan Linux

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka koma Linux amma akwai manhajar lissafin kuɗi ta Windows da ba ka iya rabuwa da ita, ga shi RAM ɗinka 4GB ne kacal.

Fara da Wine, wato manhajar da ke sa manhajojin Windows su yi aiki a kan Linux. Kyauta ne, tun 1993 ake aikinsa. Ba ya ɗora maka Windows. Duk umarnin da manhajar ta aika wa Windows, shi yake karɓa ya juya shi yadda Linux zai gane, shi ya sa ba ya cin RAM sosai. Amma kafin ka sha wahala, nemi sunan manhajar a rumbun AppDB na shafin WineHQ, inda ake ba manhajoji matsayi gwargwadon yadda suke aiki da Wine. In an ba ta Platinum ko Gold, bismillah. In Garbage ce, kada ka ɓata lokacinka.

Inda Wine ke yawan tuntuɓe shi ne manhajar da ke buƙatar direba na musamman, kamar mai makullin lasisi na USB. Irin wannan sai VirtualBox, wato ka girka cikakkiyar Windows a cikin Linux ɗin. Sai dai da 4GB, su biyun za su riƙa rububin RAM, kwamfutar ta yi ta jan ƙafa. Da ni ne, gara in raba faifan ajiyar kwamfutar gida biyu, ɗaya Windows ɗaya Linux, in zaɓi wanda zan shiga lokacin kunnawa. Kwafe bayananka wani wuri tukuna kafin ka taɓa faifan.

Kuma Wine ba ya tare ƙwayar cuta. Wadda ke cikin fayil ɗin manhajar Windows (.exe) tana iya lalata fayilolinka, don haka kada ka buɗe Wine da sudo, wato umarnin da ke ba shi cikakken iko a kan kwamfutar.