Daraktocin Kamfani: Aiki Suke Yi Ko Cin Alawus Kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan hannun jari a wani banki. Duk shekara sai a aiko min takardar babban taro, in ga sunayen daraktoci a jere, amma manajan darakta kaɗai nake gani a talabijin. Su waɗannan mene ne aikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bankin naku ne, ku masu hannun jari, sai dai dubban mutane ba za su taru su gudanar da shi ba. Shi ya sa a babban taron shekara kuke zaɓen daraktoci su tsaya a madadinku. Su ke naɗa manajan darakta, su yanka masa albashi, su amince da kasafi da manyan basussukan da za a bayar, in ya kauce su sallame shi. Shi ke riƙe da ragamar yau da kullum, su kuma idonsu na kansa.

Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta hana mutum ɗaya ya haɗa kujerar shugaban hukumar daraktoci da ta shugaban gudanarwa, wato manajan darakta, a kamfanin da jama'a ke da hannun jari, don ba a ba kura ajiyar nama. Ta kuma ce kwamitin binciken kuɗi mutum biyar ne: uku daga cikinku, biyu daga daraktocin da ba ma'aikatan kamfanin ba.

Amma doka a takarda daban, zama a ɗakin taro daban. A watan Agustan 2009, Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya tsige shugabannin bankuna biyar: Oceanic, Intercontinental, Afribank, Finbank da Union, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Kowanensu yana da hukumar daraktoci, ana taro, ana sa hannu. Basussukan da aka rabar don sayen hannun jari a kasuwa suka ƙi dawowa, ba a samu mai cewa a'a da wuri ba. A ganina nan matsalar take: daraktan da manaja ya kawo, ko wanda shi ma ya ci bashin bankin, bakinsa ba ya buɗuwa. Ƙananan masu hannun jari irinka su suka ji jiki.

Don haka in rahoton shekara ya zo, kada ka tsaya a shafin ribar da za a raba. Nemi inda aka rubuta taro nawa kowane darakta ya halarta, da bashin da aka ba daraktoci da kamfanoninsu. In ba za ka samu zuwa taron ba, akwai fom na wakilci a ƙarshen littafin, ka cike ka ba wanda ka yarda da shi ya jefa maka ƙuri'a.