Filin Tambaya da Amsa: Intanet ɗin Gida Ya Tsaya, Daga Ina Za a Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, mai aiki da layin waya, kwamfutar tebur tana haɗe da ita ta kebul, wayoyin gida kuma ta Wi-Fi. Tun ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, wayoyin suna nuna sun haɗu amma babu shafin da ke buɗewa, kwamfutar kuwa ko alamar haɗuwa ba ta nunawa. Wani ya ce in soka allura a ɗan ramin da ke bayan rautar, wani kuma ya ce in buɗe kwamfutar in duba cikinta. Wace shawara zan bi? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya tukuna, domin duka biyun matakan ƙarshe ne, ba na farko ba. Ramin nan yana mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani, ya goge sunan Wi-Fi da kalmar sirri, wani lokaci har da saitin APN da layin ke bi ya shiga intanet, sai mutum ya ƙara wa kansa aiki alhali bai gano ainihin ciwon ba.

Tunda wayoyin suna haɗuwa, rautar tana raye, tangarɗar tana tsakaninta da kamfanin layi ne. Ka cire layin ka saka a wayarka, ka ga ko akwai data da sabis, domin sau da yawa maganar ba ta wuce nan. Idan layin lafiya yake, ka mayar da shi, ka zare rautar daga wuta na kimanin minti ɗaya, sannan ka kunna ka jira fitilunta su daidaita. Idan ka ga suna mutuwa suna dawowa da kansu, ka zargi cajarta, domin ita ce ke fara shan dukan wuta mai ƙarfi, kuma tana iya raunana ta riƙa kunna fitila amma ta kasa ɗaukar nauyin na'urar. Yawancin rautoci suna aiki da bolt 12, sai dai ka karanta abin da aka rubuta a ƙasan taka, ka nemi caja mai adadin bolt daidai da shi, kuma ƙarfin amfiyarta kada ya gaza wanda aka rubuta.

Ita kwamfutar matsalarta daban ce. Ka dubi inda kebul ya shiga bayanta, akwai ƙananan fitilu da ya kamata su riƙa ƙiftawa. Idan a mace suke, ka sauya rami a jikin rautar, sannan ka gwada wani kebul. Idan suna ci, ka rubuta cmd a wurin bincike na Windows, baƙin allo zai buɗe, ka rubuta ipconfig. Zai nuna maka adireshin kwamfutar, wato lambar da ake gane ta da ita. Adireshin da ya fara da 192.168 yana nuna rautar ta karɓi kwamfutar. Wanda ya fara da 169.254 kuwa yana nufin kwamfutar ta nemi adireshi ba a ba ta ba, sai ta laƙa wa kanta wanda ba zai kai ta ko'ina ba. Bayan intanet ya dawo a wayoyin, ka rubuta ping 8.8.8.8, kuma idan amsa ta zo amma shafuka sun ƙi buɗewa, to laifin na DNS ne, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambarsa, kuma ana gyara shi a cikin saiti ta hanyar saka 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Idan duk kebul ɗin da ka gwada fitilun sun ƙi ci, mai yiwuwa ramin kebul na kwamfutar ne ya ƙone, kuma ko a nan ba sai an kwance kwamfutar ba, ƙaramar na'urar Wi-Fi ta USB ta wadatar. Nan gaba, da zarar an ɗauke wuta ka zare kayan daga soket, haka ma idan hadari ya taso da damina, har da kebul ɗin, domin sitabilaiza aikinta daidaita hawa da saukar wuta ne, ba a yi ta don tare aradu ba.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 16 yana son ya buɗe kwamfutarmu ya share ƙura ya ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, ni kuma ina tsoron wuta ta ja shi. Shin in bar shi? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma ina ganin a bar shi ya koya, bisa sharuɗɗan da ba a sassauta su. Kashe kwamfuta ta maɓalli bai isa ba, sai ya zare wayar wuta daga bango ɗungurungum, kuma idan akwai UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko inbata a tsakani ya raba ta da su, sannan ya danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 don ragowar wutar ta fita. Abu ɗaya ne na hana shi baki ɗaya, wato kwance akwatin ƙarfen da wayar wuta ke shiga, mai fanka a jikinsa. A cikinsa akwai kafasitoci, wato sassan da ke tara lantarki, da ke riƙe bolt sama da 300, kuma suna iya ci gaba da riƙe wuta bayan an zare shi daga soket. Idan ya lalace, sauya shi ake yi gaba ɗaya.

Haɗari na biyu a kan kwamfutar yake, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. Duk wanda ya taɓa kama ƙofar mota da hunturu ya ji wani abu ya tsikare shi ya san cewa jiki yana tara lantarki idan iska ta bushe. Mutum ba ya jin wannan tsikarin sai ya kai kimanin bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 yana iya lalata wasu ƙananan sassan kwamfuta, kuma ɓarnar ba lallai ta bayyana nan take ba, sai daga baya a ga na'urar tana daskarewa ko tana mutuwa babu dalili. Saboda haka ya yi aikin a kan tebur na katako, ba a kan kafet ko katifa ba, ya guji rigar sanyi ta ulu ko ta roba, ya riƙa taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin ya ɗauki kowane abu. RAM a gefensa ake riƙe shi, ba a sa yatsa a kan haƙoransa masu ruwan zinariya. Yana da 'yar tsaga da ke nuna yadda zai zauna, kuma RAM nau'in DDR3 ba ya shiga ramin nau'in DDR4, don haka idan ya ƙi shiga kada ya tilasta masa. Ƙura kuwa da bulowa ko burushi mai laushi ake fitar da ita, yana riƙe da fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, kuma jiƙaƙƙen tsumma ba ya kusantar ciki. Idan kwamfutar ta cinya ce, ya fara cire batir, kuma idan ya ga batirin ya kumbura kada ya matsa shi ko ya huda shi, domin yana iya kamawa da wuta, sai a kai wa mai gyara.

TAMBAYA: Wi-Fi yana da ƙarfi a falo, amma ba ya kaiwa ɗakin baya. Sabuwar rauta zan saya? Daga wani ɗalibi a Bauchi.

AMSA: Malam, ka fara sauya mata wuri. A ɗora ta a sama, kusa da tsakiyar gida, ba a ƙasa ko bayan talabijin ba, domin bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna rage ƙarfin Wi-Fi sosai. Idan rautarka tana watsa Wi-Fi iri biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, ka haɗa ɗakin baya da na farkon, wanda ya fi ratsa bango ko da yake na biyun ya fi sauri a kusa. Idan hakan bai wadatar ba, a ja kebul zuwa ɗakin a saka ƙaramar rauta ta biyu, muddin tsawon kebul ɗin bai wuce mita 100 ba.